Fatsar zamani: ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Wannan shi ne jawabin da wani ma'aikacin jaridarmu ya gabatar a Dogarawa, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda suka zo daga Malbaza, Galmi, Ƙonni da Illela. Mun buga shi ɗungurungum saboda amfanin masu karatu.



Alhazai da Hajiyoyi, malamaina, iyayena ƴan kasuwa, yayyena ma'aikata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na san wasunku sun bar rumfa, wasu sun bar biro, domin su saurari yaro ɗan jarida wanda bai taɓa sayar da ko buhun albasa ɗaya ba. Saboda haka ba zan yi karambanin koya muku kasuwanci ba. Abin da ya kawo ni shi ne in ba ku labarin wani irin ɓarawo da ya shigo kasuwarku, wanda ba ya haura katanga, ba ya fasa ƙofa, ba ya tare hanya da bindiga. Sallama yake yi, ya roƙi makulli cikin ladabi, mai gida kuma ya miƙa masa da hannunsa.

Bari mu fara da abin da kuka fi ni sani. Tun kakanninmu, cinikin wannan yanki bisa amana yake tafiya. Manomi ya fid da albasa daga rudu, dillali ya tsaya tsakaninsa da mai saye, a yi ciniki, a loda mota, ta kama hanyar Kumasi ko Akra ko Abijan, sau da yawa ba a biya ko rabin kuɗin ba. Me ya sa manomin yake iya barci? Saboda ya ga fuskar mai sayen, ya ji muryarsa, ya san gidansu, kuma akwai dillali wanda zai tsaya shaida in magana ta tashi. Wato amanar tamu ba ta makanta ba ce, tana da idanu uku: fuska, murya da shaida. Ku riƙe wannan, domin a kansa dukan maganata za ta tsaya.

Yadda kuɗi suka bar lalita suka shiga waya

A da, mai ci-rani yakan aiko da kuɗi ta hannun direba, ko ɗan gari mai komawa gida, ko ya je gidan waya ya aika da manda. Yau kuwa akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, akwai Airtel Money da Moov Money a cikin salula, akwai manhajojin bankuna. Masu hulɗa da Najeriya ta kan iyakar Ƙonni kuma sun san OPay da Moniepoint. Abubuwa biyu suka ƙara tura mu cikin wannan hanya. Na farko, sauya takardun naira da Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022, wanda ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har ya zamana mai shago ko ya karɓi kuɗi ta waya ko ya rufe. Na biyu, takunkumin da CEDEAO ta ɗora wa ƙasarmu ranar 30 ga Yuli 2023, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Kowa ya tuna layin da aka sha a ƙofar banki a waɗannan watanni.

Ba na zargin wannan ci gaba. Ya rage wa fatake tsoron ƴan fashi, ya sa uwa tana samun aiken ɗanta cikin minti kaɗan. To amma ku dubi abin da ya ɓace a hanya. Saƙon da ya faɗo cikin waya ba shi da fuska, ba shi da murya, ba shi da shaida. Rubutu ne kawai da suna a samansa. Idanun amana uku duka an rufe su, alhali kuwa mun ci gaba da yarda kamar suna buɗe. Ta wannan kafa ɓarawon ya shigo.

Mene ne fatsa?

Masu Faransanci sun ba wannan sata suna daga ƙugiyar kamun kifi, masu Ingilishi ma haka, tun wajen 1995 lokacin da aka fara yi wa masu hulɗa da kamfanin AOL na Amurka irinta. Mu ma muna da kalmarmu: fatsa. Mai fatsa ba ya bin kifi da gudu. Yana soka tana a ƙugiya, ya jefa, ya zauna yana jira. Kifin ne ke kawo kansa.

Ga yadda take tafiya. Wasiƙar imel ta zo maka, ko gajeren saƙo, ko saƙon WhatsApp, da sunan bankinka ko kamfanin da kake ajiyar kuɗi, da tambarinsu da launinsu. Ta ce an ga wani motsi a asusunka, za a rufe shi cikin awa 24 in ba ka tabbatar da kanka ba, ka taɓa nan. Kana taɓawa sai ga shafi mai kama da na bankin kamar an tsaga kara. Ka rubuta lambar asusu da kalmar sirri. Shafin na ɓarawo ne, kuma yana karanta abin da kake rubutawa a daidai lokacin. Nan take ya ɗauki bayanan ya shiga shafin banki na gaskiya. Banki ya turo maka lambar tabbatarwa a wayarka, kamar yadda ya saba. Shafin ƙarya ya ce ka rubuta lambar, ko wani ya kira ka da murya mai daɗi ya ce shi ma'aikaci ne, ka karanta masa. Da ka karanta, magana ta ƙare. A wurin na'urar banki, kai ne ka shiga, kai ne ka fid da kuɗinka.

Ku lura da abu guda: ba a karya na'urar banki ba, mutum aka yaudara. Sunan da ke fitowa a saman wasiƙa, mai aikowa ne ke rubuta shi da kansa, kamar yadda kowa ke iya rubuta sunan gwamna a bayan ambulan. Tambari kuwa hoto ne, yaro ɗan lakkol yana iya kwafe shi. Kuma tanar da ake sokawa a ƙugiya iri uku ce, ba ta canzawa: tsoro, kwaɗayi da gaggawa. Ko a ce za ka yi hasara, ko a ce ka ci riba, kuma kullum a ce yanzu-yanzu.

Wannan ba sabuwar sana'a ba ce, riga kawai ta sake. Manyanmu sun san wasiƙun da ake kira 419, sunan da ya fito daga sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Najeriya. A shekarun 1980 da 1990 ta gidan waya da faks ake aika su. Bambancin shi ne a da sai an sayi tambur ga kowace wasiƙa, yau kuwa mutum ɗaya yana jefa ƙugiya dubu ɗari kyauta kafin ya gama shan shayi.

Waɗanda ƙugiya ta kama

Kada wani ya ce wannan abu jahili kawai yake kamawa. Ga misalai uku da suka tabbata a gaban masu bincike da kotuna.

A watan Nuwamba na 2022, kamfanin binciken tsaron kwamfuta mai suna Group-IB tare da sashen tsaro na kamfanin Orange suka fid da rahoto kan wani gungun ɓarayi masu magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022, gungun ya kai hari fiye da sau 30 kan bankuna, kamfanonin kuɗi da na sadarwa, akasari a Afirka, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Kodebuwa, Mali, Burkina Faso, Benin da Senegal. Abin da aka tabbatar sun sace ya kai dalar Amurka miliyan 11, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato fiye da miliyar 6 na sefa. Da me suka shiga? Da wasiƙar imel cikin Faransanci, wata da sunan hukumar haraji, wata da sunan sanarwar ɗaukar aiki a babban bankinmu BCEAO. Ma'aikaci ya buɗe takardar da aka liƙa wa wasiƙar, manhajar leƙen asiri ta sauka cikin kwamfutarsa. Daga nan sai su yi shiru watanni suna kallon yadda ake aiki, wa ke sa hannu, wa ke tabbatarwa. Ranar hutu ko ƙarshen mako su zuba kuɗin cikin asusun mutanen da suka yi haya, a bi injinan fid da kuɗi a kwashe. A wani hari guda an yi amfani da asusu fiye da 400. Sai a watan Yuni na 2023 aka kama wanda ake zargin babba ne cikinsu a Kodebuwa, da taimakon Interpol.

Misali na biyu. A watan Afrilu na 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da injinan Caterpillar, ya sami wasiƙa mai kai shi shafin ƙarya na shiga akwatin imel ɗinsa. Ya rubuta kalmar sirrinsa. Cikin kwanaki kaɗan aka riƙa aika umurnin biya da sunansa, ma'aikatansa suna biya, har wajen dalar Amurka miliyan 11 su ma suka salwanta. Wanda aka kama da laifin, Obinwanne Okeke, matashin ɗan kasuwa ne na Najeriya da mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa yabawa. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a 2021.

Misali na uku ya fi shafar ƴan kasuwa. Wani mutumin ƙasar Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna iri ɗaya da wani kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kaya. Tsakanin 2013 da 2015 ya riƙa aika musu takardun kuɗin kaya na jabu, waɗanda muke cewa faktir, suna biya cikin asusunsa, har fiye da dalar Amurka miliyan 100. An ɗaure shi shekara 5 a 2019. To jama'a, in kamfanonin da duniya ta sani da gwanintar intanet sun haɗiye ƙugiya, wane ne zai yi wa Alhaji na Galmi dariya?

Ni kaina da ke tsaye gabanku saura ƙiris. Wata rana wasiƙa ta zo mini da sunan wata ƙungiya, ana gayyata ta horon ƴan jarida a waje, jirgi da masauki kyauta, sai dai in shiga da imel ɗina in cika takarda kafin magariba. Na rubuta adireshina, na fara rubuta kalmar sirri, sai kiran salla ya katse ni. Da na dawo hankalina ya kwanta, na sake duba adireshin mai aikowa, na ga harafi ɗaya ya sauya. Ba wayona ya cece ni ba, jinkiri ne.

Rigunan da yake sawa a yankinmu

Ga ɗan kasuwa, mafi haɗari ita ce canjin asusu. A ce kana sayen kaya daga Kotonu ko Dubai ko Sin, shekara biyar kana biyan mutum ɗaya. Ɓarawo ya shiga imel ko WhatsApp na abokin cinikin naka, ya karanta hirarku, ya san kuɗin da ake bin ka da ranar biya. Sai saƙo ya zo daga lambar da ka sani, da irin gaisuwar da kuka saba: asusunmu yana da matsala, wannan karon ka biya cikin wannan. Komai gaskiya ne cikin saƙon ban da lambar asusun.

Ta biyu ita ce shaidar biya ta jabu. Mai saye ya nuna maka hoton saƙo cewa kuɗi sun shiga, ko gajeren saƙo ya faɗo wayarka mai kama da na kamfani, ka saki kaya, mota ta tashi. Ƙanwarta ita ce ta mai kuka: wani ya kira yana roƙo don Allah, wai ya yi kuskure ya turo maka jikka hamsin na maganin mahaifiyarsa, ka mayar masa. Saƙon da ka gani shi ya rubuta shi, ko dala ba ta shigo ba, abin da za ka tura daga guminka ne.

Ta uku ita ce satar WhatsApp. Wani ya ce ana sabunta rukunin ƴan kasuwa ko na ma'aikata, lamba mai alƙaluma 6 za ta zo maka, ka turo masa. Wannan lamba ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ya same ta, sai ya zama kai: ya bi ƴan'uwanka da abokanka ɗaya bayan ɗaya yana neman rance da sunanka.

Ga ma'aikaci kuwa, tanar ita ce sanarwar jarrabawar ɗaukar aiki, ko ƙarin girma, ko taron bita mai kuɗin guzuri, ko bashin albashi da wai za a biya in an tabbatar da lambar asusu. Yayyena ma'aikata, haɗarinku ya ninka na ɗan kasuwa, domin shi dukiyarsa zai rasa, ku kuwa kwamfutar biro tana ɗauke da sunayen jama'a, da jerin albashi, da kuɗin talakawa. Sakatare ɗaya ya buɗe takarda ɗaya, ma'aikata sukutum ta buɗe.

A da mukan gane wasiƙar ɓarawo da gurguwar Faransancinta. Wannan alama ta mutu, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta masa wasiƙa tsaf kamar ta minista. Har murya da fuska ana kwaikwaya: a farkon 2024, a Hong Kong, an sa wani ma'aikacin kamfanin Arup ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa a ciki, alhali duk hotunan jabu ne.

To mene ne magani?

Maganin yana cikin rumfarku tun tuni. In baƙo ya zo ya ce Alhaji wane ya aiko shi karɓar buhu ɗari, ba ka tambayar baƙon ko gaskiya yake faɗi, Alhajin kake nema. Wannan ita ce doka ta farko, kuma uwar sauran: kada ka tabbatar da saƙo ta hanyar da saƙon ya zo. In an ce banki ne, kada ka taɓa abin da aka turo, kada ka kira lambar da ke cikin wasiƙar. Rufe, ka buɗe manhajarka da kanka, ko ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshensu. In abokin ciniki ya ce ya canza asusu, kira shi a tsohuwar lambarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kawai kuka sani, kuma ka fara tura kaɗan ya tabbatar ya gani.

Ta biyu: lambar sirri da lambar tabbatarwa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi darakta ne. Ma'aikacin gaskiya ba ya bukatar su. Duk wanda ya tambaye ka su, ya riga ya gaya maka sana'arsa.

Ta uku: hoto ba kuɗi ba ne. Kada kaya su bar gabanka sai ka shiga asusunka da hannunka ka ga ragowar kuɗinka ta ƙaru. Gani ya kori ji.

Ta huɗu: duk saƙon da ya ce yanzu-yanzu, ka ba shi dare ɗaya. Ba a rufe asusun mutum don ya yi jinkirin awa biyu. Sauri ya haifi nawa.

Ta biyar: ku koyi karanta adireshi, ko ku sa ɗa amintacce ya karanta muku. Ba sunan da ke sama ake dubawa ba, abin da ya biyo bayan alamar @ ake dubawa. Adireshin da ya ƙare da gouv.ne daban yake da wanda ya ƙare da gouv-ne.com, na biyun kowa yana iya sayensa. Ana sa sifili a gurbin harafin o, ana sa lamba 1 a gurbin harafin l. Hoton ƙaramin kwaɗo da ke fitowa a saman shafi kuma ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan ɓarayi ma suna da shi.

Ta shida: ku gyara makullanku. Da yawa cikinmu takardar haihuwa ta ce an haife mu 1 ga Janairu, sai mu sa 0101 ko shekarar haihuwa ko 1234 a matsayin lambar sirri; waɗannan ɓarawo ke fara gwadawa. Kada makulli ɗaya ya buɗe imel da banki da Facebook. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. Kuma ga wata magana mai nauyi: mutane da yawa a nan ba su suka buɗe wa kansu imel ba, mai gyaran waya ne ko wani yaro a kasuwa, kuma har yau shi ya san kalmar sirrin. Imel shi ne uwar makullai, ta cikinsa ake sake sauran. Wanda bai canza ba, ya canza yau kafin ya kwanta.

Ta bakwai: in layinka ya mutu haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, kada ka jira gobe. Mai yiwuwa wani ya karɓi sabon katin waya da lambarka, kuma lambobin tabbatarwa wurinsa suke zuwa.

Ta takwas ta iyaye ce. Asusu 400 da na ambata ɗazu na mutane ne, galibi waɗanda aka ba ɗan abin sayen goro domin su ba da aron suna. Ku gaya wa ƴaƴanku: wanda ya ba da aron asusunsa ko katin shaidarsa aka zuba kuɗin sata, ƙofarsa jandarma zai fara bugawa, babban ɓarawon yana can wata ƙasa.

Kunya, da haƙƙin hukuma

In kuwa ƙaddara ta faɗa, minti ya fi awa daraja. A sanar da banki ko kamfani nan take su toshe asusu, a canza kalmomin sirri, a faɗa wa dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Kada a goge saƙon, shi ne shaida. A kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Na san abin da ke hana mu: kunya. Babban mutum ba ya son a ji yaro ya yi masa wayo, ɗan kasuwa yana tsoron a ce ya karye, ma'aikaci yana tsoron shugabansa. To amma shirun nan shi ne jarin ɓarawo. Ƙugiyar da ta kama ka jiya, ita ce za ta kama maƙwabcinka gobe, da tana iri ɗaya. Da za a ce duk wanda aka jefo wa irin wannan saƙo yana faɗa a majalisa bayan salla, da fatsar ba ta kwana biyu a gari.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora dukan nauyin a kan talaka. Ƙasarmu tana da dokoki. A ranar 3 ga Mayu 2017 an yi doka mai lamba 2017-28 kan kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifuffukan intanet, wadda ta tanadi hukunci ga mai zamba ta kwamfuta. Akwai ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, akwai BCEAO mai ba da izinin kuɗin waya. Amma ku tambayi kowa a titi inda ya ji sunan dokar 2019, zai ce muku a shari'ar masu rubutu. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a watan Yuni na 2020 kafin kotu ta sallame ta a watan Yuli. A 2022 aka cire ɗauri kan laifin ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Ba na cewa ɓata suna ba laifi ba ne. Ina cewa ne himmar da ake sawa wajen gano wanda ya rubuta magana, a sa irinta wajen gano wanda ya kwashe kuɗin albasar manomi. Abu ne mai yiwuwa: a samamen da Interpol da Afripol suka kira Serengeti, cikin Satumba da Oktoba na 2024, an kama mutum 1,006 a ƙasashen Afirka 19.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema da murya ɗaya. Kamfanonin da ke cin riba da kuɗinmu su riƙa gargaɗi da Hausa, da murya, a gidajen rediyon karkara da cikin waya, domin gargaɗin da aka rubuta da Faransanci bai isa ga wanda bai shiga lakkol ba. Su ba da lamba guda ta gaggawa wadda mutum ke amsawa dare da rana. Hukuma ta horar da masu binciken irin wannan laifi a nan kusa, tun da akwai babbar kotu a Ƙonni, kada mai ƙara ya ga sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 zuwa Yamai. Ma'aikatun gwamnati kuma su daina aika takardun aiki ta akwatunan imel na kansu. Muddin takardar gaskiya tana zuwa ta adireshin da kowa ke iya buɗewa, ba wanda zai iya bambanta ta da ta jabu. Ƙungiyoyinku na ƴan kasuwa su ma su sa doka tsakaninsu: ba a canza asusun biya sai da murya da shaida.

Iyayena, na faɗa da farko cewa amanarku tana da idanu uku. Ba na roƙon ku daina yarda da mutane, domin ranar da amana ta mutu kasuwar Galmi ta mutu. Ina roƙon ku mayar wa amanar idanunta. Kafin kuɗi su fita daga waya, a nemi fuska, in babu a nemi murya a lambar da aka sani, in kuɗin masu yawa ne a nemi shaida. Abin da dillali yake yi a bakin mota tun zamanin kakanni, shi za mu yi a bakin salula. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Inda na yi kuskure a gafarce ni, wanda ke da tambaya kuma ga ni. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.